Gidan da Na Samo wa La'ada

Sana'ata samo wa mutane gidan haya. Ka zo min da iyali da kaya a bayan mota, ka ce ɗaki biyu da falo kake so kusa da makarantar yara, kafin rana ta faɗi na miƙa maka makulli. Na zaunar da amare, na zaunar da gwauraye, na zaunar da mutanen da ko ƙanen ubansu ba zai ba su haya ba. Shi ya sa ranar da likita ya ce kyanwata ta bar gidana, ciwon rabuwar kawai na ji. Ban kawo wa raina cewa nemo mata wurin zama zai zama aiki ba. Ni ne fa.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata ta fari ta dawo gidanmu da zama ita da 'yarta, saboda an tura mijinta aiki wani wuri mai nisa inda ba a zuwa da iyali. Yarinyar muna ce mata 'Yar Firit. Ba ta da jiki, amma bakinta ya kusa kamo nawa. Ba su daɗe da zuwa ba numfashinta ya fara sarƙewa, wata safiya kuma ya sarƙe gaba ɗaya, muka kwashe ta sai asibiti. Na tsaya a bakin gado ina kallon ɗan ƙirjinta yana hawa da sauka da ƙyar, an rufe mata rabin fuska da robar numfashi.

Likitan ya gama dube-dubensa, ya ce, "Akwai kyanwa a gidan?"

Matata da 'yata suka juyo suka kalle ni a tare.

"Asma ce," in ji shi, "gashin kyanwa kuma yana tayar mata da ita sosai. Ba za su zauna gida ɗaya ba."

Na ce, "To likita, idan aka ware wa kyanwar ɗaki guda fa, aka riƙa rufewa?"

Matata ta taka min ƙafa a ƙarƙashin gadon. Likitan ya ci gaba da rubutunsa. Aka tsayar da magana a kan in an sallame su, yarinyar da uwarta za su sauka wurin ƙanwar matata, mai ɗaki ciki da falo da 'ya'ya cike da shi, har sai kyanwar ta tafi an wanke gidan tas.

Sunan kyanwar La'ada. Shekara goma sha wani abu da suka wuce na je duba wani gida da 'yan haya suka tashi, na buɗe kicin sai na ji kuka a cikin kabad ɗin ƙarƙashin famfo. Sun kwashe komai har ƙusoshin labule, ita kuma suka bar ta suka ja ƙofa. Ƙashi da fata ce kawai. Na sako ta a aljihun riga na koma ofis, abokan sana'a suka ce me na samo a cinikin, na ce ga la'adata nan. Sunan ya bi ta. Tun daga lokacin duk wanda ya tambaye ni wane ne mafi sharrin ɗan haya, ba mai fasa famfo nake ambata ba, waɗancan mutanen nake faɗa, in haɗa musu da zagi.

Rabin aikina a barandar gida nake yin sa, a kan wata kujerar roba, waya a kunne. Mai gida ya kira, ɗan haya ya kira, mai neman shago ya kira, ni ma in kira. Matata takan ce ko a barci ciniki nake yi. Duk tsawon shekarun nan La'ada tana kan cinyata ko a ƙarƙashin kujerar. Ba wani abin kirki take tsinanawa ba, ɓera ma sai ya zo ya gaishe ta. Amma ina sonta, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Autanmu, wanda yake tuƙa motar wani kamfani, shi ya fara kawo shawara. Ya shigo da wani kwali ya ajiye a tsakar gida.

"Baba, ka bar wahalar da kanka," ya ce. "A sa ta a nan in kai ta bayan kasuwa wajen masu kifi. Ba za ta rasa abin da za ta ci ba."

Na ce, "Kai ma da ka dame ni ina kallonka na ƙyale ka, ban kai ka bayan kasuwa ba. Ɗauke min kwalin nan."

Bai ɗauke ba. Ya tura shi bayan ƙofa ya fita abinsa.

Na zauna na yi tunani irin na sana'a. Duk mai neman gida, bayan ya tambayi ruwa da wuta, abu na gaba da yake tambaya shiru ne. Layin akwai hayaniya? Maƙwabta suna da yara? Gidan da ba a jin motsin kowa shi ne gida na ɗaya, kowane dillali ya san wannan. To ni kyanwata ba za ta zauna a na biyu ba. Na tuna wani matashi ma'aikacin banki da matarsa mai aiki a kantin magani, waɗanda na zaunar a bene hawa na ƙarshe, tayil har bango, iska ta ko'ina. Matar ta taɓa ce min tana son kyanwa.

Ranar kai ta na taje mata gashi, na ba ta kifi ta ci ta ƙoshi, don in mun isa ta kwanta lamo. Haka nake kai mutum ganin gida da hantsi, lokacin da rana take shiga falo, ba na kai shi ranar da aka yi ruwa. Muka hau benen, na buɗe baki. Ba ta sata, ba ta ɓarna, ba ta hawa gado, ba za ku ma san tana gidan ba. Duk gaskiya na faɗa, don a gidana haka take. La'ada tana kwance a hannuna tana lumshe ido, matar sai shafa ta take yi. Na sauko ina share ido da gefen hula, amma a raina ina cewa ciniki ya yi kyau.

Ba a yi nisa ba mijin ya kira ni.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri ka zo ka ɗauki kyanwarka."

"Me ta yi?"

"Kuka. Da mun fita da safe take farawa, maƙwabta sun ce ba ta tsayawa har mu dawo. Abinci kuma sai dai ta shinshina ta bari. Na ƙasa da mu ya ce zai kai ƙara wurin mai gida."

Na je na ɗauko ta ina mita a hanya. Yaran zamani, su fita tun da sassafe, su dawo kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ko junansu ba sa yi wa magana, ina za su iya riƙon dabba. Muna shiga mota ta daina kukan, ta kwanta a kujerar gefe tana saurarena ina zaginsu. Na ce laifina ne, wurin da akwai mutum kullum ya kamata in nema mata. Kuma benen nan, yanzu da na lura, ana ɗan jiyo ƙarar titi.

Sai na tuna da wani tsohon akawu da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, shi kaɗai a gida mai lambu a ƙarshen wani layi da ba ya ɓullewa. Ko mai talla ba ya shiga layin. Mutum ne mai kirki wanda in ka gaishe shi sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu, maganarsa ta wuni guda ba ta kai tawa ta kafin karin kumallo ba. Kullum yana gida yana karatu. Na yi masa bayani, ya gyaɗa kai. Na kai ta, ya karɓa da hannu biyu, har ya riga ya tanadar mata kwando da tsohon bargo a ciki. A duk gidajen da na taɓa zaunar da wani, wannan ne na fi alfahari da shi.

Na dawo na ce wa matata a fara wanki. Aka sauke labulaye, aka fitar da kafet, aka shanya katifu.

Ana cikin wannan sai ga saƙon akawu a waya, don shi ba ya kira. Ya ce in na samu sarari in leƙo.

Na same shi ya bar min ƙofa a buɗe. Tun daga lambu nake jiyo kukan, wani irin kuka mai tsawo da ban taɓa jin ta yi ba. Na cire takalmi na taka kafet na tsaya a ƙofar falo, kuma saboda kwarjinin shirun gidan ko sallama ban yi ba. Tana tsaye a tsakiyar falon, ta rame, gashin bayanta ya tashi. Akawu yana zaune a kujera, in ya miƙa hannu zai taɓa ta, littafi a rufe a cinyarsa, yana kallonta cikin damuwa. Ita kuma fuskarta tana wajena sak. Idonta a buɗe yake a kaina. Na ɗaga hannu na kaɗa mata. Ta ci gaba da kukanta kamar ƙofar ba kowa.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Hannuna ya saba, na ɗauka na ce, "Eh, ni ne, ina jin ka."

Ta zabura ta yo wajena da gudu, ta daki ƙafar tebur da kai, ta faɗi, ta tashi, ta sake yo hanya har ta ci karo da ƙafata. Na kashe wayar na ɗauke ta na kai ta bakin taga. A cikin haske na ga idanun sun yi fari-fari daga ciki, kamar ruwan da aka wanke shinkafa.

Akawu ya ce a hankali, "Ba ta gani. Na ɗauka ka sani."

Ban sani ba. Ni da nake hango tsagar bango daga bakin get ko an shafe ta da fenti, ni da nake shiga ɗaki in ce rufin nan yana yoyo tun ban ɗaga kai ba, kyanwar da take kwana a ƙafata ta makance ban lura ba. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya fi kunyar.

Likitan dabbobi ya ce tsufa ne, ba magani, kuma abin ya daɗe. A gidana ta haddace kowane lungu, shi ya sa ba ta karo da komai. Sauran kuma da kunne take yi. In tana jin murya, ta san akwai mutum, ta san inda yake. In aka yi shiru, a wurinta kowa ya tafi an ja ƙofa. Ni kuwa bakina bai taɓa ba ta damar jin shiru ba. Na ɗauki makauniyar da murya ce fitilarta, na bi gari ina zaɓar mata gidajen da suka fi ko'ina shiru, ina yaba wa kaina.

Gida kam ba za ta koma ba, an riga an wanke. Na ajiye ta a ofis, wani ɗan shago da muke haɗaka mu uku. Amma aikinmu na yawo ne, da mun fita mun kulle sai ta dasa kuka, mai shagon gefe ya fara ɗaure min fuska. Na shiga tambayar mutane, wannan karon da gaskiyata: tsohuwa ce, makauniya, tana son surutu. Kowa sai ya ce Allah sarki, sannan ya tuna matarsa ba ta son kyanwa. Mai askin layinmu ya ce zai karɓa, shagonsa ba ya rabuwa da musu, amma ƙofarsa a bakin titi take kuma a buɗe take wuni. Ba za ta yi kwana biyu ba mota za ta bi ta kanta.

Na je duba 'Yar Firit a gidan ƙanwar matata, bayan na canja kaya na wanke hannu har gwiwa kamar yadda aka umarce ni. Na same ta zaune a kan akwatinsu a lungun falo, don nan ne kawai wurin da ya rage. Ta warware, har ta fara tsiwa.

"Kaka, yaushe zan koma ɗakina?"

"Kwanan nan."

"Haka ka ce rannan." Ta kalle ni ta ƙasan ido. "An ce wai kyanwa ka fi so a kaina."

"Wa ya ce?"

"Ba zan faɗa ba."

Na yi dariya na ja mata kunne, amma maganar ta zauna min a ƙirji. 'Yata ta raka ni ƙofa, idonta duk ya faɗa don rashin barci a ƙasan falon mutane. A gida matata ta ajiye min abinci ta zauna a gefe.

"Malam," ta ce, "an gama wanki tuni. Su dawo gobe. Amma kai kullum kana shigowa da gashinta a riga daga ofis, in yarinyar nan ta sake kwanciya, me za ka ce wa ubanta? Ka san abin da ya rage."

Na san abin da ya rage. Washegari da hantsi na jawo kwalin Auta daga bayan ƙofa, na biya ofis na sa La'ada a ciki, na tuƙa har bayan kasuwa. Na tsaya a inda masu kifi suke zubar da ƙaya da ƙanƙara. Akwai kyanwoyi a wurin, manya masu tabo a fuska, da karnuka biyu kwance a inuwar wata mota. Na kashe injin. Da ta ji shiru sai ta fara kuka a cikin kwalin, tana karta gefensa. Har yau in aka tambaye ni ko da zan buɗe ƙofar motar in ajiye ta, ban san amsa ba.

Wayata ta yi ƙara. Na duba na ga sunan da na ajiye lambar da shi: Ƙorafi.

Wata tsohuwa ce da kowa yake ce wa Gwaggo, tela ce a da kafin hannunta ya fara rawa. Na zaunar da ita a mafi lalacewar ɗaki da yake hannuna, ciki da falo a can ƙuryar wani gidan haya, bangonta ɗaya da shagon mai walda. Tun daga ranar ba ta bar kunnena ya huta ba. Famfo yana ɗiga, ƙofa ta kumbura, 'ya'yan maƙwabta sun taɓa mata shanya. Daga nan sai ta gangara kan marigayi mijinta, da 'ya'yanta da suke wasu garuruwa ba sa kira sai sun ga dama. In ka ɗauki wayarta ka yi sallama da aikin ranar. Yawanci ƙyale ta nake yi ta yi ta ƙara. Ranar nan na ɗauka, don ina neman duk abin da zai jinkirta ni.

"Dillali, ashe kana raye," ta ce. "To ƙofar nan dai ta ƙi rufuwa, jiya sai da na sa mata turmi. Kai ka ce min katakon ƙasar waje ne. Wace ƙasar? Ƙasar da ba a ruwa?"

Na danna sifika na ajiye wayar a kujerar gefe kusa da kwalin. Ita ba ta ma lura ba, ba amsa take nema ba. Ta gama da ƙofa ta koma kan famfo, ta bar famfo ta kama mai walda. Ina zaune ina kallon karnukan nan sai na ga kukan ya tsaya. La'ada ta turo murfin kwalin da kai, ta fito a hankali, ta lalubi kujerar da ƙafa har ta kai ga wayar. Ta kwanta ta ɗora haɓarta a kanta.

Na tayar da mota. Muka isa ƙofar gidan Gwaggo ba ta kai ƙarshen labarin mai walda ba.

Na same ta zaune a kan tabarma a falonta, wayar a kunne, bokiti a tsakar ɗaki a daidai inda rufi yake yoyo. Ta bango ana jiyo dukan ƙarfe. Ta kalle ni, ta kalli wayar, ta kalli kwalin.

"Wace ƙarya kuma ka kawo min a kwali?"

Na durƙusa na gaishe ta. Bakina ya so ya fara abin da ya saba, na danne shi.

"Gwaggo, kyanwata ce. Tsohuwa ce, ba ta gani ko kaɗan. Ba ta kama ɓera. Tana zaɓen abinci. In aka yi shiru tana kuka mai hana maƙwabta sakat, gida biyu sun dawo min da ita. Ba na jin ta da sauran shekaru masu yawa, watakila a hannunki za ta mutu. Jikata ba ta da lafiya, ba zan iya riƙe ta ba, kuma ba ni da inda zan kai ta."

Ta ajiye wayar a kan tabarma. "Ikon Allah. Yau ka fara nuna kaya ta inda ya lalace. Da haka ka yi min ranar da ka kawo ni ɗakin nan, da ban shiga ba." Ta gyara zama. "Ba na so. Ni da nake fama da kaina, ka kawo min makauniya in yi jinya? Ka ga na yi maka kama da gidan marayu? 'Ya'yan da na haifa ma ban gama da takaicinsu ba. Shi babban, ka san abin da ya ce min da na kira shi?"

Ta shiga ba ni labarin babban. Tana cikin yi La'ada ta fito daga kwalin, ta bi muryar, ta kauce wa bokitin da ƙyar, ta je ta tsaya a gefen ƙafarta. Gwaggo ta janye ƙafar ba tare da ta yanke magana ba. La'ada ta matsa. Ta sake janyewa, ta sake matsawa. A karo na gaba ba ta janye ba.

"Ji ta, duk ƙashi. Kai ko abinci ba ka ba ta? Me take ci?"

Na faɗa mata.

"Kifi. Sannu, 'yar sarauta." Ta ɗaga kai ta harare ni. "Ƙofar nan in ba ta rufuwa fita za ta yi ta faɗa wa wutar mai walda. Ka san abin yi."

Kafin la'asar na kawo kafinta, ya kankare ƙofar ya sa sabuwar sakata. Na sa aka hau rufin ma.

'Yar Firit ta dawo ɗakinta. Numfashinta ya daidaita, tana gudu a tsakar gida tana ba kowa umarni, na ji daɗin haka har cikin raina, kuma da za a sake ba ni zaɓin, ita zan sake zaɓa. Sai dai a baranda ina cikin waya sai in ga hannuna ya sauka kan cinya yana neman abin shafawa. Gwaggo kuma ta daina kira. Na riƙa duba wayar ko ta lalace.

Da na kasa haƙuri na sayi kifi na je. Tun daga tsakar gidan na rangaɗa sallama. La'ada ta fito da gudu ta hau jikina, na zauna na yi ta mata hira, na ga har ta fara cikowa. Na tafi da farin ciki. Kwana biyu bayan nan Ƙorafi ta bayyana a wayata.

"Ka kyauta," ta ce, ba ko gaisuwa. "Tun da ka fita take bakin ƙofa tana kuka. Ta ƙi ci, ta ƙi kwanciya a jikina. Na yi magana har muryata ta dushe, taka take nema. Duk wahalar da na sha na saba da ita ka zo ka rushe a zama ɗaya. Kada ka sake zuwa."

"Gwaggo, ganinta kawai nake so in riƙa yi."

"Ganin ne ya kawo wannan? Bakinka ne." Sai ta sassauta murya. "In dole sai ka zo, ka bar wayarka a mota, ka bar bakinka tare da ita. Ka zagayo ta baya ka tsaya a taga. In na ji ko tari ka yi, na rantse sai na watsa maka ruwa."

Na bari aka kwana biyu sosai kafin na koma. Na kashe wayar na sa a aljihun mota, na bi ta lungun da ke tsakanin gidan da shagon mai walda, na tsallake kwata, na tsaya a jikin tagar mai raga. Gwaggo tana kan tabarma tana tsince wake a faranti, La'ada tana kwance a cinyarta, ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta. Gwaggo ta ɗago ta gan ni. Ko gezau ba ta yi ba, ta ci gaba da abin da take faɗa.

"To shi wanda ya kawo ki nan ɗin, ai ba mutumin kirki ba ne. Ya ce min unguwa ce mai shiru. Kin dai ji da kunnenki. Amma ya gyara ƙofa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Kuma ya rame kwanan nan, ban san ko matarsa ta daina ba shi abinci ba ne."

Iska ta ɗan kaɗa ta bayana ta shiga ɗakin. La'ada ta ɗaga kai. Hancinta ya motsa, kunnenta ɗaya ya juyo wajen tagar, fararen idanun nan suka tsaya a kaina. Sunanta ya zo min har kan harshe. Kalma ɗaya ce, na san in na faɗe ta kafin in rufe baki tana jikin ragar nan.

Gwaggo ta zuba min ido, ta ɗaga murya, ta koma kan labarin famfo tun daga farkonsa, hannunta mai rawa yana shafa bayan kyanwar. Na riƙe numfashi. La'ada ta daɗe a haka tana saurare, tana jiran abin da bai zo ba. Sannan kunnen ya koma wajen Gwaggo, ta mayar da kanta kan cinyar ta kwanta.

Abin da na zo nema mata ke nan, na kuma samu, amma ban taɓa jin ciwon cinikin da ya faɗa irin na ranar ba. Na ja da baya a hankali don kada takalmina ya yi ƙara. Sai da na kai ƙarshen layin sannan na yi gyaran murya.